Tumakin da Ba Sa Barin Dutsensu

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Agege, ni da yayana, kowa da akwatinsa da tsohuwar kwat ta aro. Iya ta rako mu har ƙofar zaure, ta cusa mini ƙullin goro a aljihu, wai kada Turawa su ce ba mu da tarbiyya. Mai majemar da ke sayen fatunmu a Wales ne ya gayyace mu, mu ga yadda ake sarrafa kayan da muke aika masa shekara da shekaru. Wannan shi ne dalilin da kowa ya sani a kwata. Amma akwai wata magana da na tafi da ita a ciki, kuma gara in faɗa muku tun yanzu. Yaya ya samo mai sayen gidanmu na gado, wani ɗan kasuwa da ke son ya rushe shi ya tada bene. Yaya ya riga ya sa hannu, nawa ake jira, na kuma yi alkawarin ba da amsa ranar da muka dawo.

Hujjar Yaya ba ta banza ba ce. Tun da aka ƙara yawan jihohi, kowace takarda ka ɗauka sai ta tambaye ka jiharka ta asali. Kakanmu soja ne, ya sauka Ikko tun zamanin Turawa, ya yi aure, ya mutu a nan. Mu a nan aka yanke mana cibiya, amma in ka rubuta Legas sai akawu ya dubi hularka ya yi murmushi. Yaya ya ce mu tattara mu koma Kano tun ana rabon filaye. Da jirginmu ya yada zango a filin Kano don ɗaukar fasinja, ya dunguri kafaɗata ya nuna taga ya ce, “Ga gida nan.” Na leƙa, ban ga komai ba sai jar ƙasa da motar mai. Sau biyu na taɓa zuwa Kano a rayuwata, duk biyun sayen kirgi ne ya kai ni.

London ba ta burge ni ba, gaskiya. Mun tarar da ragowar yajin aiki, shara jibge a bakin titi, har Yaya ya ce da ya sani da kasuwar Oshodi ya tsaya ya huta da kuɗin jirgi. Sanyi kuwa ba a magana, hancina na ji kamar ba nawa ba. Washegari muka hau jirgin ƙasa zuwa yamma. Kofin shayi ɗaya a cikinsa, kuɗinsa ya isa mutum ya ci tuwo da nama a Agege har ya sha ruwan sanyi, kuma shayin ba ya ko riƙe cokali. Can jirgin ya nutsa ƙarƙashin wani kogi, duhu ya rufe mu, Yaya ya kama salati da ƙarfi. Da muka fito sai na ga allunan tasha da rubutu iri biyu, Ingilishi da wani harshe mai baƙaƙe cunkus. Mun shiga Wales ke nan.

A Cardiff muka nemi halal, aka nuna mana unguwar bakin tashar jiragen ruwa. Can muka sami masallaci da wani mahauci, jikan wani Balaraben Yaman da ya zo aikin jirgin ruwa bai koma ba. Na tambaye shi shi ɗan ina ne, ya dube ni kamar na tambaye shi ko yana da kai, ya ce ɗan Wales mana. Na ji abin a raina, don labarinsa da nawa ba su da maraba. Yaya dai naman yake dubawa, ya ce yankan bai kai na Agege ba.

Mai masaukinmu, wato mai majemar, ya zo da mota ya ɗauke mu zuwa garinsu a tsakiyar ƙasar. Hanya siririya, ta yi ta nannaɗewa tsakanin duwatsu, ko ina ka duba tumaki ne, sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba. Wasu allunan hanya an shafe Ingilishin da koren fenti. A jikin bango da tagogi kuwa takardu ne, wasu na cewa e, wasu na cewa a'a. Ya bayyana mana cewa ranar Alhamis za a kaɗa ƙuri'a: ko a ba Wales majalisarta ta kanta a Cardiff, ta riƙa kula da makarantu da asibitoci da gidaje, ko a bar komai a hannun London yadda yake. Nan Yaya, don neman yabo, ya ce in gaya masa su Ingilishi mutanen kirki ne. Ni ne tafinta, na kuwa faɗa yadda aka ce. Mutumin ya rage gudu, ya ce cikin ladabi shi ba Ingilishi ba ne, bai taɓa zama ba. Ban ƙara wannan kuskuren ba har muka bar ƙasar.

Abin mamaki, shi wannan da ya ƙi a kira shi Ingilishi, a'a zai zaɓa. Ya ce kasuwarsa tana Ingila, kuma ba ya son ƙarin manya masu cin albashi. Harshen Wales ɗin ma ba ya jinsa sosai, don mahaifinsa ya sha bulala a makaranta saboda shi, sai ya hana 'ya'yansa koya. Surukinsa kuwa, wani dattijo makiyayi a kan dutse, e zai zaɓa ko da shi kaɗai ya rage. A majemar na ga jajayen fatun awakin Sakkwato da na ɗaure da hannuna, an gyara su sun yi laushi kamar alharini, ana sayar wa masu ɗinkin littattafai da sunan fatar Maroko. Na yi ƙorafi, mai majemar ya yi dariya ya ce yanzu na fara gane ciwonsu.

Ranar zaɓen ta zo daidai da ranar bikin ƙasarsu. Yara mata da dogayen baƙaƙen huluna, manya kuma wasu sun maƙala furen rawaya a ƙirji, wasu ganyen wata albasa mai tsawo. Yaya ya ce bai taɓa ganin inda ake ado da kayan miya ba. Layin zaɓe shiru, ba kiɗa ba zagi, kowa ya jefa ya koma aikinsa. Mu da muke jiran namu zaɓen bana, in soja suka cika alkawari, na ce a raina Allah Ya sa mu yi rabin wannan natsuwa.

Ranar Juma'a da hantsi muka hau dutse gidan dattijon. Da ya ji ba ma cin yankan kowa, sai ya kamo rago ya miƙo mini wuƙa. Na fuskanci gabas na yanka, na feɗe shi ba tare da wuƙa ta huda fatar ko sau ɗaya ba. Ya ɗaga ta a hasken ƙofa, ya juya, ya jinjina kai, daga nan ya daina kallona a matsayin baƙo. Matarsa ta yi mana romo da dankali da wannan albasar ta ado, na sha kwano biyu. Na ba shi goron Iya, ya gutsura, fuskarsa ta yamutse, amma ya haɗiye don kara.

Muna kan cin abincin rediyo ta kawo sakamako. A'a ta yi rinjaye, kuma ba ƙaramin rinjaye ba, kusan huɗu cikin biyar. Mai majemar bai yi murna a fili ba, ya dai sunkuyar da kai cikin kwanonsa. Dattijon ya ajiye cokali, ya ɗauki sandarsa ya fita. Tausayinsa ya kama ni, na bi shi.

A bakin garke na lura duk tumakinsa an tsaga musu kunne iri ɗaya, kuma can saman dutsen babu shinge ko ɗaya tsakaninsa da maƙwabta. Na tambaye shi yadda ba sa cakuɗewa. Ya ce kowane garke ya san yankinsa, ya san inda ruwa yake da inda ake fakewa in ƙanƙara ta sauko. Ba makiyayi ke koya musu ba, uwa ce ke yawo da ɗanta har ya haddace. Shi ya sa a al'adarsu in za a sayar da gonar dutse, da tumakinta ake sayarwa. In ka kwashe su ka kai wani wuri, rama za su yi ko su gudo, sababbin da ka zuba kuma sai an yi shekaru ana bin su.

Na ce, “Baba, to yanzu da kuka faɗi fa?”

Ya ce, “Majalisa za ta iya jira, wata rana a sake tambaya. Abin da ba ya jira shi ne jikata. In na daina yi mata magana da harshenmu shekara biyar, babu ƙuri'ar da za ta dawo da shi.”

Ya duba sama ya ce haihuwar tumaki ta kusa, aiki na gabansa. Na tsaya cikin sanyin nan ina tuna Iya a tsakar gida da 'yata a gabanta, tana koya mata jera goro a ganye, tana yi mata faɗa da Hausa, in abin ya yi zafi ta ƙarasa da Yarabanci. Na tuna kabarin kakanmu da masallacin da mahaifinmu ya ɗauki bulo a kansa aka gina. A wurin na gama shawara, amma ban ce wa Yaya komai ba.

A dawowa jirgi ya sake tsayawa Kano, wannan karon aka bar mu muka sauka. Yaya ya gyara hula ya nufi wani mai sayar da tsaraba, ya zuba masa gaisuwa mai tsawo. Mutumin ya amsa da fara'a, sannan ya ce, “Alhaji, mutanen Ikko ne ko? Ai da jin Hausar.” Yaya ya juya ya koma jirgi, muka taso sai filin jirgin Ikeja. Da kwandastan motar danfo ya nemi ya ninka mana kuɗin akwati, nan fa Yaya ya wanke shi da Yarabancin da ko ɗan unguwar Mushin sai ya sara masa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Na ga mutum biyu a kan tebur ɗaya, ɗaya ya ce e, ɗaya ya ce a'a, kuma babu wanda ya fi wani zama ɗan Wales. Na gane takardar gwamnati tana da amfaninta, ina kuma fatan wata rana a gyara tamu ta san da irinmu, amma ba akawu ne zai gaya mini inda na fito ba. Ni Bahaushe ne, ɗan Agege, ban ga abin da ɗaya ya rage wa ɗaya ba.

Mai sayen gida ya zo da takardarsa kwana biyu da dawowarmu. Na ba shi wurin zama, na ba shi goro, na ce ya yi haƙuri ba zan sa hannu ba. Iya tana jin mu daga ɗaki, ranar kuwa ta sa an yanka kaza. Yaya ya yi fushi, kwana uku ba ya amsa gaisuwata sai da ka, yana ta cewa shi dai Kano zai tafi ko da mu ko ba mu.

Jiya da safe na ji ana buga guduma a bayan gida. Na zagaya, sai ga Yaya a kan tsani da ƙusoshi a baki, yana canza kwanon ɗakinsa da ke yoyo tun bara. Na ce, “Yaya, mai tafiya Kano ne da gyaran rufi?” Ya zare ƙusa ɗaya daga bakinsa, bai ko dube ni ba, ya ce, “Damina ta kusa. Riƙe mini tsanin nan da kyau.”