Kurakuran Ƙarfe Sha Ɗaya

Shekara ashirin da biyu yayata ta yi tana koyar da lissafi, har ɗalibai suka laƙaba mata Jan Biro. Ba ta da sakin fuska, ni da na tashi a hannunta na fi kowa sani. Amma in ka kawo mata amsar banza, ba ta yi maka faɗa sai ta gano inda ka saki hanya.

Da ta ajiye alli, wani kamfani mai manhajar karatu a waya ya ɗauke ta. Manhajar tana bin amsoshin kowane ɗalibi, ta ƙiyasta abin da ya iya da wanda bai iya ba, sannan ta zaɓo masa darasi daidai ƙarfinsa. Aikin Yaya shi ne duba inda ƙiyasin ya karkace.

Wata rana na kai mata tabaraunta da ta manta a gida, na tarar ofishin ya yi tsit. Injiniyan wurin, mutum mai son a gama komai jiya, ya tsaya a kanta da sunan wata ɗaliba. Da sassafe yarinyar tana amsa komai daidai, da hantsi kuma kamar ba ta taɓa shiga aji ba. Manhajar ta yanke cewa mutum biyu ne a shafi ɗaya. Dokar kuwa a rufe shafin, a cire sunanta daga jarrabawar shiga babbar sakandare. Ƙarfe huɗu za a tura sunaye, a lokacin uku ta gota.

Yaya ta karɓi tabarau ko kallona ba ta yi ba, ta ce a fito mata da kurakuran kaɗai. Injiniya ya ce maguɗi maguɗi ne, ta ce ita ba ta taɓa ganin wanda ya ɗauko hayar mai faɗar da shi ba. Ta yi ta bi da yatsa layi-layi. Mai amsar hantsin ba ya kuskure a rabi, kwata ko inci, amma da zarar harafi ya shigo lissafi sai ya ruɗe. Kullum kuma ƙarfe sha ɗaya, lokacin da yara ke aji.

"Wannan hannun tela ne," in ji ta. "Kira mini lambar."

Huɗu saura minti ashirin yarinyar ta ɗauka, ana jin ƙarar keken ɗinki a bayanta. Da farko ta musa. Yaya ta gaya mata abin da zai faru ƙarfe huɗu, sai ta faɗi gaskiya. Wayar mahaifinta ce, a shago take wuni. A aji huɗu ya bar makaranta, yana gwada darussan ne in ba ta nan, yana zaton ba wanda ya sani. Kullum manhajar sai ta mayar da ita baya saboda amsoshinsa, ita kuma sai ta tashi da wuri ta sake hawowa. Wata uku ke nan ba ta ce masa uffan ba.

Injiniya ya dubi agogo, ya ce zai bar sunan in uban ya amsa da bakinsa. Yaya ta ce yarinyar ta miƙa masa wayar.

"Malama, don Allah kar ki ce masa ya ɓata mini. Zai daina."

Ƙarar keken ta tsaya. Yaya ta cire tabarau. Ta gaishe shi, ta ce an ga ƙoƙarinsa a rabi da kwata, za a buɗe masa shafinsa na kansa, gobe ƙarfe sha ɗaya darasin haruffa.

Uban ya tambaya a hankali ko 'yarsa ta sani.