Maganin Kaka na La'asar

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare aka sallamo Kaka, mahaifiyar Baba, daga asibiti. Ciwon daji ne a cikinta, likitoci kuma sun ce babu sauran aikin da za a yi mata. Aka kwantar da ita a ɗakina, a gidanmu na Unguwar Rimi, ni na koma katifa a ƙasa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Ai da sauƙi." Ita ma ta ce da sauƙi. Ni kaɗai nake ganin yadda take murɗa zanin gado idan sun fita.

Talata da Juma'a wata ma'aikaciyar jinya take zuwa a keke, Sista muke ce mata. Sashensu sabo ne a asibitin. Suna bin irin su Kaka har gida, ba don su warke ba, sai don kada su sha azaba. Takan zauna a bakin gado ta ce, "Mama, yau ina ya fi damunki?" Ita ta koya mini juya Kaka don kada bayanta ya yi gyambo, da jiƙa mata leɓe da auduga. Ta bar wani maganin ruwa a kwalba, a riƙa ba ta duk bayan awa huɗu.

Kwana biyu Kaka ta sami barci. Rana ta uku Baba ya dawo daga ofis, ya kira ta sau uku ba ta amsa ba. Ya ɗauke kwalbar ya kulle a ɗakinsa.

"Abin nan zai sa ta tafi cikin barci ba ta yi kalmar shahada ba," ya ce da Mama. "Ba zan ɗauki wannan alhakin ba."

Ciwon ya dawo. Kaka takan tayar da salla a kwance, kafin ta kai rabin Fatiha nishi ya katse ta, ta sake farawa.

Da Sista ta zo ran Juma'a ta nemi kwalbar, aka ce tana kulle a ɗakin Baba. Baba ya faɗi dalilinsa. Ba ta yi musu da shi ba, sai ta juyo gare ni.

"Ke kike kwana da ita. Yaya sallarta?"

Ban saba magana a gaban Baba ba. Ina kallon yatsun ƙafata na ce, "Ba ta iya ƙarasa Fatiha."

Kaka ta buɗe ido. "Kai, ɗan nan, ba ni abina. Tun kana yaye kake ɓoye-ɓoye. Yanzu ma ka ga ina iya shahadar?"

Baba ya tashi ya ɗauko. Sista ta kira likita a waya, aka rage awon kaɗan, ta ce yawan barcin na kwanakin farko ne.

Haka kuwa aka yi. Kusan wata guda Kaka tana salla a zaune, tana shan kunun gyaɗa, tana tsokanata. "Ƙawata, wannan kitson naki, makaho ne ya yi miki?"

Wata Laraba na dawo daga makaranta, na ba ta maganin la'asar. Mama tana kicin. Ina ninke hijabina sai na ji numfashinta ya sauya. Leɓenta yana motsi. Na kara kunnena, iska kawai nake ji, da ɗumi. An koya mana a Islamiyya cewa a faɗi kalmar shahada a hankali kusa da mai cikawa don ya bi. Na sani sarai, amma ban faɗa ba. Kafin na iya kiran Mama, leɓen ya tsaya.

Baba ya shigo da katin ofis a rataye a wuyansa. Bai kalli kowa ba sai ni.

"Ta yi?"

Na ce, "Ta yi."

Ya ce alhamdulillahi, ya durƙusa yana kuka.

Tun daga nan, duk wanda ke da majinyaci irin wannan, Baba yakan ce a nemi su Sista. Har unguwar Abakpa ya raka Sista gidan wani abokin aikinsa. Yakan ce, "Mahaifiyata da maganin a jikinta ta cika da shahada, ga 'yata nan, a kunnenta." Sai a juyo a kalle ni, in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.