Katunan Baba Ezekiel

Ni kafinta ne a Gyaɗi-Gyaɗi, shekara talatin ina shaƙar garin katako. Masu daɗin baki ba sa burge ni, na gaji da su. Baba Ezekiel kuwa har yau in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

Mutumin Kagoro ne, tsohon akawun gwamnati, yana zaune a Tarauni da 'yarsa Rebecca, malamar asibiti. Ya zo shagona yana son kabad mai aljihu goma sha biyu, sirara, dogaye. Da na kai masa na ga abin da zai zuba: katuna dubbai, yankakku daga kwalayen magani da Rebecca ke kawo masa. Kowane kati kalma ɗaya ce ta Helenanci, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawarinsu da shi. A ƙasanta ya rubuta ko suna ce, ko aikatau, ko sifa. Tilo ko jam'i. Wa ya yi aikin, yaushe. Shi ya koya wa kansa, bayan ya yi ritaya. Shekara goma sha bakwai yana bin littafin bishara guda daga ciki kalma-kalma, don masu wa'azin ƙauyensu da ba su je makarantar tauhidi ba.

Na ce, "Baba, ba ga fassarar Hausa nan ba?"

Ya ce, "Kai kana sayen katako a cikin buhu ba ka buɗe ba?"

Sai ciwon ido ya kama shi, irin wanda ba ya warkewa. Likita ya ce ganin ba zai wuce wata shida ba. Babi biyu suka rage masa, kuma lokacin zai isa.

Ranar da na je gyara aljihun da ya cije, na tarar ya zazzage aljihu na farko a kan tabarma, Rebecca tana tsaye a kansa. Ya tsinci kati ɗaya da kuskure. Na farkon aikinsa ne, lokacin da yake rubutawa da ka, bai fara ɗabi'ar duba kowace kalma a ƙamus sau biyu ba.

Ta ce, "Baba, kati ɗaya fa! Ka gyara shi ka ci gaba."

"In wannan ya kuɓuce mini, 'yan'uwansa nawa ne?"

"Wa zai sani? Fasto ma bai iya karanta wannan tafiyar tsutsar ba."

"Shi ya sa. Zai yarda da ni ne kawai."

Ya koma farko. Kati dubu biyu da wani abu, da gilashin ƙara girma, hancinsa na gogar kwalin. Kullum na biyo ta layin sai na hango shi a baranda a duƙe. Ya samu kuskure goma sha ɗaya. Kafin ya dawo kan babi biyun nan, idon ya rufe.

Na je gaishe shi, na kasa yin shiru. Na ce, "Da ka ƙarasa, Baba."

Ya lalubi kabad ɗin, ya jawo aljihu na ƙarshe, babu komai a ciki. Ya mayar.

"Wannan kowa ya buɗe zai ga ba a yi ba, wani zai yi. Waɗancan masu kuskuren da sun tafi ƙauye a haka, ba mai sake duba su."