Gudun Safe da Gonar La'asar

Ni mace ce mai zargi, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare cikin birnin Zariya sun koya mini cewa yaron da cikinsa ke ciwo ran Litinin da safe, aikin gida ne bai yi ba. Shi ya sa da ɗan farina ya fara ramewa ban tsaya tunanin cuta ba. Kai tsaye zuciyata ta ce akwai mai hannu a ciki, saura in gano ko wane ne.

Matsalar ita ce ba ni da bakin tambayarsa. Gidanmu tsohon gida ne, har yanzu ana kunyar ɗan fari yadda kakanni suka bari. Ana yaye shi aka miƙa shi sashen baffansa, ƙanen mahaifinsa, a can ya tashi, katanga ɗaya tsakaninmu. Da mahaifinsa ya rasu sai riƙon ya ƙara ƙarfi. Baffan yake kira Baba, ni kuma Yaya. Ban taɓa kama sunansa ba. In dole ta sa a ambace shi, sai in ce yaron can. In na yi dambun da yake so, matar baffan nake kai wa, in ce ga shi ku ɗanɗana, ita ma ta san wanda ake nufi.

Ɗan gudu ne, na dogon zango. Ya gama sakandare yana jiran shiga jami'a, wani koci ya ɗauke shi, kullum ana idar da sallar asuba zai fita ta Ƙofar Doka zuwa filin da suke atisaye. A shekarar ana shirin zaɓen waɗanda za su wakilci jiha, unguwa duk ta ɗauka cewa sunansa na ciki. Ni dai ko ana hirar a gabana sai in ci gaba da tsince shinkafata, amma kunnena na wajen.

Kwanon dambu ne ya fara gaya mini. Da a wanke yake dawowa, sai ya koma dawowa da fiye da rabi. Daga nan mura ta kama shi ta ƙi saki. Idanunsa suka faɗa, wuyansa ya yi tsawo. Yaron da ba a jin muryarsa ya koma yi wa 'yan gidan tsawa a kan buta. Matar baffan ta ce mini ba ya barci, juyi kawai yake yi har a kira sallah. Wata rana na hango shi zai haye dokin ƙofar zaure, sai da ya dafa bango ya ɗago ƙafar kamar ta aro.

Na fara da zargin ƙwaya, don ita ce ta cinye mana yara a layin nan. Na lallaba igiyar shanya na laluba aljihunan wandunansa, ban samu komai ba sai ɓawon gyaɗa. Na koma zargin budurwa, na sa ido a kan wayarsa, na ga ko kallonta ba ya yi. A ƙarshe zargina ya sauka a kan kocin. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, wani siririn mutum da usur a wuya da fulas a hammata, kuma tun a lokacin fulas ɗin nan bai kwanta mini ba. Ana ta faɗa cewa irinsu na ɗura wa yara maganin ƙarfi don su ci gasa.

Na samu baffan a ƙofar ɗakinsa yana goge babur. Na gaishe shi na ce, "Malam, yaron can kamar ba ya jin daɗi."

Ya yi dariya. "Ke dai da zarginki, Malama. Jiki ne ke bushewa, haka 'yan gudu suke. Ni ma na yi ai, ba ga kofina can a kan kabad ba? Kullum la'asar muna tare da shi a gona. Da akwai wani abu, ni zan fara gani."

Har godiya na yi masa. Na ce ko ba komai da yamma yana hannun babba.

Ina da ƙawa 'yar Wusasa, tare muka yi makarantar 'yan mata, ita ta zama ma'aikaciyar gashin ƙashi a asibiti. Ita kaɗai nake iya yi wa maganar yaron ba tare da na sunkuyar da kai ba, don ta daɗe tana mini dariyar wannan kunya. Da na zayyana mata, sai ta ce likitocin wasanni na taro a wani ɗakin taro can wajen gari, kuma ranar ƙarshe sun buɗe ƙofa ga masu horarwa da iyaye. Ta ce, "Kocin naku ma zai zo."

Abin da ya tashe ni ke nan. Ban je don in koyi komai ba, na je ne in kama mutum.

Tun daga bakin ƙofa na ce to, ga shi nan. An jera tebura, samari cikin fararen riguna na tallan wasu manyan gwangwanaye na garin ƙarin ƙarfi, da hoton ƙato mai damatsa a jiki. Na ce wa ƙawata ashe kasuwa aka zo ci. Ta ce in yi shiru in shige. Na zauna a baya, na nemo ƙeyar kocin a layi na gaba, na kafa mata ido. Fulas ɗin na gefen kujerarsa.

An daɗe ana zuba Turanci da hotunan gwiwa a majigi, har na fara hamma. Sai wata likita, gajeriya mai tabarau, ta karɓi lasifika ta ce tunda akwai iyaye za ta yi da Hausa. Ta ce akwai ciwon da atisaye da kansa ke jawowa in ya yi yawa babu hutu. Ɗan wasa zai daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, mura ta riƙa kama shi a kai a kai, ya zama mai saurin fushi, ƙafafunsa su yi nauyi, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri ko yana kwance. Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yaron ba zai ce ya gaji ba. In ya ga gudunsa ya ragu, sai ya ɗauka lalaci ne, ya ƙara. Daga nan ƙashin ƙauri ke fara tsagewa. Ta ce jiki a lokacin hutu yake ginuwa, ba a lokacin gudu ba.

Na mintsini ƙawata. "Kin kai mata labarina ko?"

"Ni ban ma san ta ba," in ji ta. Ban yarda ba sai daga baya.

Da aka zo tambayoyi, sai ga hannun kocin a sama. Ya miƙe ya ce yana da wani yaro mai hazaƙa da ke da duk waɗannan alamu. Ya rage masa atisaye, ya ware masa ranakun hutu, amma kullum ƙara lalacewa yake yi. Ya ce shi dai gidansu yake zargi: ko ba a ba shi abinci, ko ya faɗa shaye-shaye ba wanda ya kula.

Jinina ya tafasa. Ni da na zo kama shi, ashe shi ma ni yake nema.

Likitar ta ce a fara duba jinin yaron, don zazzaɓi da ƙarancin jini ma na kawo haka. Sannan ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Ka tabbata kai kaɗai ke horar da shi?" Ya yi murmushi ya ce ƙwarai.

Ana tashi shan shayi na tare shi a bakin ƙofa. Na ce, "Malam, ni ce gidan da ba a ba da abinci."

Ya ja da baya. "Hajiya, ke ce mahaifiyarsa?"

"Yaron gidanmu ne," na ce. Ƙawata ta yi tsaki ta ce masa ni ce mahaifiyarsa, kada ya biye mini.

Na tambaye shi abin da ke cikin fulas. Ya buɗe ya miƙo mini, na shinshina: shayi ne da citta. Na ji kunya kaɗan, amma ban nuna ba. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da maganata. Amma yaron nan da safe yake zuwa mini a gajiye, kamar wanda ya wuni yana dako. Kuma filinmu ciyawa ce, takalminsa kuwa kullum da jar ƙasa. Me yake yi da yamma?"

"Gona yake bin baffansa."

Ina rufe baki na farga. Muna tsakiyar bazara, an daɗe da kwashe amfani, ruwa bai sauka ba. Wace gona? Na tuna baƙar ledar da yake fita da ita a hannu kullum la'asar, ba fartanya ba lauje. Na tuna kofin da ke kan kabad. Ni mai zargin kowa, na zagaye gari da zargina na tsallake mutumin da ke bayan katangata.

Ban koma gida ba. Na hau keke mai ƙafa uku na sauka Ƙofar Kuyambana, na raɓe kusa da wata mai tuyar awara kamar ina jiran wani. Rana ta yi sanyi a ido amma ƙasa na huci. Ban daɗe ba na hango su a kan burtalin da ya bi bayan ganuwa. Baffan na kan babur yana tafiya a hankali, yana duba agogon hannunsa, yana waiwaye yana cewa, "Ƙara wuta! Ƙara!" Yaron na biye da shi, baki buɗe, ƙafar hagu na ɗingishi. Ba gudu yake yi ba, jan jiki yake. Na riƙe bakin hijabina na danne kuka, don kada mai awara ta tambaye ni ko ɗana ne.

Bayan magariba na sake samun baffan. Na ce, "Malam, na ga gonar."

Bai musa ba. Ya ce kocin nan ɓata yaron zai yi da wani wai hutu, ga zaɓe ya matso. Su a zamaninsu safe da yamma suke yi ba takalmi, kuma gajiya a zuciya take. Na gaya masa abin da likita ta ce, ya ce likitoci ba su taɓa gudu ba. Na ce to a bari a duba ƙafar. Sai ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Malama, tun yaushe kika fara sa baki a maganar yaron nan? Ni na raine shi. Ko kunyar ma an daina?"

Na tashi na koma sashena. Ba mugu ba ne, na sani. Son yaron yake yi, gudun da bai ƙarasa ba yake so a ƙarasa masa. Shi kuma yaron ba zai iya ce wa Babansa a'a ba, ba kuma zai iya kai ƙarar Babansa wurin koci ba. Sai ya raba jikinsa biyu ya ba kowa rabi, ya yi shiru.

Washegari da aka idar da la'asar na ɗauki tabarma na shimfiɗa a zaure, inda ban taɓa zama ba tun da aka kawo ni gidan. Na san abin da zan yi zai iya raba shi da zaɓen nan, ya kuma sa matan gidan su yi shekara suna maganata. A waje baffan ya tada babur. Yaron ya fito da ledarsa, ya gan ni, ya rusuna ya ce, "Sannu da hutawa, Yaya," ya nufi ƙofa.

Na kira sunansa. Cikakken sunan da liman ya raɗa masa.

Ya tsaya. Ya waiga bayansa ta cikin gida yana neman wanda ya kira shi. Bai san sunansa da muryata ba.

Na ce, "Ni ce. Zo ka zauna."

"Baba na jira."

"Na sani. Zauna."

Ya zauna a bakin tabarma, kansa a ƙasa. Daga inda nake ina ganin jijiyar wuyansa na harbawa. Duk jawabin da na shirya ya gudu, sai na ce, "Ka gaji?"

Baffan ya danna hon a waje. Sai hawaye suka zubo masa, ya ce a hankali, "Na gaji, Yaya. Wallahi na gaji."

Na ce ya kwanta. Ya miƙe a kan tabarmar, ya yi matashi da ledar takalman, kafin hon na biyu barci ya ɗauke shi.

Zaɓen shekarar ya wuce ba da shi ba. Ƙawata ta kai shi aka ɗauki hoton ƙafar, aka ga ƙashin ya fara tsagewa, ya yi watanni bai taka fili ba. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar dai, baffan ya gaji da jira ya leƙo zauren a fusace, baki buɗe zai yi magana. Ya ga yaron a kwance, haƙarƙarinsa na ɗagawa ta cikin riga, ni ina gefe ina kore masa ƙuda da mafici. Ya tsaya yana kallonsa. Ban ɗago kai ba. Ya koma waje ya kashe babur ɗin. Da ya zo shigo da shi, bai bi ta zauren ba, don kada ƙarar taya ta tada yaron. Sai ya tura shi da hannu, ya zagaya ta ƙofar baya.