Babur Dandaƙaƙƙe

Garga matsoraci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Bakaniken babur ne a unguwar Briqueterie, rumfarsa tana bayan layin mahauta, amma in ya hau babur zai gwada, mai tallar ayaba a ƙasa sai ta wuce shi. In aka yi masa dariya sai ya ce, "E, tsoro nake ji. Ƙafa biyu gare ni, kuma ina son kayata."

A ƙarshen zamanin Shugaba Ahidjo 'yan unguwa suka fara sayen baburan nan masu dogayen ƙafafu, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai. In lokacin kakawo, wato koko, ya zo, manoma sun sami abin hannu, sai a ɗaure atamfa da takalma a bayan babur a nausa ƙauyukan kurmi. Hanyar can jan laka ce da saiwoyin itace a kwance, wani wuri gadar gungume ɗaya. Injin kuma mugun hali gare shi. A ƙaramar wuta kamar barci yake, ka ƙara murɗawa kaɗan sai ya zabura gaba ɗaya, ƙafar baya ta zame, mutum ya tsinci kansa cikin ƙaya.

Wannan zaburar Garga yake cirewa. Ya ƙara wa gasket kauri, ya yi ta gyara allurar kafireta har buji, wato fulogi, ya fito da launin soyayyiyar gyaɗa, ya sake cika salansa, ya ƙara wa faifan gefen injin nauyi. Babur ya rage ihu, ya rage gudu a kan kwalta, amma ya hau tudun laka a natse kamar san noma. Mahauta kuwa, da yake ba su san komai ba sai abin da ake yi wa bijimi, suka sa wa aikin suna dandaƙa. "Garga ya dandaƙe babur ɗin wane." Waɗanda suke dawowa daga kurmi da ƙasusuwansu lafiya, har da su ake faɗa.

Garga yana da ƙane, Ƙasimu, mai tallar atamfa a kurmi. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, shi ya aurar masa da Jaratu, kuma har lokacin Allah bai ba su haihuwa ba. Babu babur ɗin da Garga ya ɓata wa lokaci kamar na Ƙasimu. Burinsa ɗaya ne, yaron nan ya je ya dawo da jikinsa cikakke.

Wata la'asar Ƙasimu ya tsaya a majalisar da ke gaban tukubar Njidda mai tsire, babur ɗinsa yana ɗan gurnani a hankali. Njidda ya kasa kunne, ya goge wuƙa a jikin riga.

"Kai Ƙasimu, tambaya nake. Babur ɗin kaɗai yayanka ya dandaƙe, ko ya haɗa da mai shi?"

Majalisa ta tuntsire. Manyan mutane ne fa, masu gemu, wasu da carbi a hannu. Ba wanda ya ce, Njidda, ka ji tsoron Allah. Wani ma ya ƙara da cewa, "A kai babur ɗin wurin bakaniken Tsinga a buɗe masa, ko a samu na goyo!"

Washegari da hantsi Garga yana wanke kafireta ya ji ƙarar injin tun daga kan kwana, siririya, mai tsini, kamar ana yaga sabon yadi. Ya san injin. Ya kuma san an warware duk abin da ya yi masa. Ya fito da fetur a hannu, ya tare Ƙasimu, ya riƙe kan babur.

"Wa ya taɓa shi?"

"Yaya, sake ni, rana tana yi."

"Jiya an yi ruwa. Ka bar min shi zuwa azahar, na roƙe ka."

"Ka mayar da shi yadda yake, su ci gaba? Ba ka ji abin da suka ce da ni ba?"

"Maganar mai tsire ce, ƙanena."

"Jaratu ta ji. Har cikin gida aka kai mata."

Ƙasimu ya murɗa wuta, injin ya kurma ihu, Garga ya saki ya yi tsalle baya. Halinsa ne, jikinsa ya riga shi yanke shawara.

A bayan garin Okola, a kan wata jiƙaƙƙiyar saiwa, injin ya zabura. Manoma ne suka ɗauko Ƙasimu zuwa bakin titi, motar katako ta kawo shi gari. A asibiti aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Sai ga 'yan majalisa sun zo dubiya, sun sha manyan riguna, suna "ƙaddara ce, ƙaddara ce." Ƙaddarar da aka tura da baki! Njidda har da lemo cikin kwando. Jaratu ta karɓa, ta zuba wa awakin maƙwabta a gabansa.

Ƙasimu ya koma ɗinki da keken hannu a gefen rumfar yayansa, a nan suka tsufa tare. Garga bai daina aikinsa ba har idonsa ya mutu, mutanen unguwa kuma ba su daina kiran aikin da sunan da suka sa masa ba. Sau ɗaya ya taɓa zuwa majalisar, ranar da aka sallamo Ƙasimu. Ya tsaya daga nesa da wutar tukuba, ya yi magana kowa na ji.

"Malam Njidda, jama'a, alfarma nake nema. Ku kira ni matsoraci, sunana ne, zan amsa. Amma kalmar nan ku bar ta a mayanka. Akwai sauran yara masu shiga kurmi, kuma suna jin ku."