Turancin Takardar Ƙosai

Gwaggona ce ta riƙe ni a Kaura Namoda lokacin da nake sakandare. Ƙosai take toyawa da safe a hanyar tashar jirgin ƙasa, ni kuma ina ƙunshe wa masu saye kafin in wuce makaranta. Takardun ƙunshin daga kasuwa take sayo su, yawanci tsofaffin jaridu. Wata rana aka haɗo mata da ɓarin wani tsohon ƙamus na Turanci, ba bango ba farko. Abin da ya rage duk kalmomi ne masu farawa da "un", masu kore abu, kamar yadda muke cewa rashin kaza.

Na roƙe ta ta bar mini. Ta ce, "Ɗauka, ɗiyata, in dai don karatu ne."

Turancina ba shi da ƙarfi a lokacin, ko baki na buɗe a aji sai an yi dariya. Sai na duƙufa wajen haddace kalmomin nan: "unhap", rashin sa'a, "unruth", rashin tausayi. Da aka ba mu rubutu a kan ruwan da ya cinye gonaki, na zuba su son raina.

Bayan an tashi, malamar Turanci ta tsayar da ni. "A ina kika samo waɗannan?"

Na ciro takardun, duk sun sha mai. Ba ta yi dariya ba. Ta nuna mini wasu ƙananan haruffa a gefen kowace kalma. "Kin ga wannan? Alama ce cewa kalmar ta mutu. Turawan ma sun daɗe da barin ta." Ta ara mini nata ƙamus, ta ce in sake rubutun da abin da na iya.

Da kuka na isa gida. Gwaggo tana wanke wake, na zayyana mata komai.

"Ashe su ma maganarsu tana mutuwa?" Ta tsame hannu daga ruwan. "Innarmu a ƙauyenmu Banga tana da wasu kalmomi, tun da munka rufe ta ban ƙara jin su a bakin kowa ba."

"Faɗa mini ko guda, Gwaggo."

Ta daɗe tana laluben kalma a ranta, leɓenta na motsi, amma ba ta samo ba. Na ga idonta ya kawo ruwa. Na share nawa, na karɓi ƙwaryar waken na kai niƙa.