Bugun da na baro a Makera

Na ɗaga sandar golf, kowa ya zuba mini ido, na kai duka. Ƙasa ta tashi, ƙwallo na nan inda yake.

Gab da samun 'yancin kai ne, ina aikin reluwe. Wata guda na yi a fili bayan gidanmu a Makera ina maimaita sabon bugun da Baturen ofishinmu ya koya mini. Can ba na kuskure. Da ya kawo ni filin gaske, hannuna ya koma tsohon halinsa.

Abokina Bulus ya ce, "Malam Sani, noma ka zo yi?"

Na ce, "Ƙwallon Makera Hausa yake ji, wannan sai Turanci."

Wa ya taɓa ƙwarewa a gida, ya manta a gaban jama'a? Kada ku bar ni ni kaɗai.